Kafin a Kunna Injin 3D: Yadda Ake Neman Farashin Kayan Masana'antu

A shekarar 2015 kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ya fara buga kayan gyaransa da injin 3D. Da ƙugiyar rataye kwat ya soma, zuwa 2023 kuwa kayan da ya buga sun kai 100,000. Injin ba ya sassaƙa ƙarfe, ba ya zuba narkakke a mazubi kamar yadda maƙera suka saba. Shimfiɗa roba ko garin ƙarfe yake yi siriri-siriri, hawa bisa hawa, har abin ya tashi. Amma kafin a kunna shi sai mai saye ya aika wa kamfanin bugawa takardar neman farashi, kuma a wannan takarda ciniki ke gyaruwa ko ya lalace.

Zanen kwamfuta ne farkon abin da ake dubawa. Mutane da yawa suna aika fayil ɗin STL, wanda kamfanin 3D Systems na Amurka ya fito da shi a 1987. Illarsa ita ce ba ya faɗin ma'auni. Lamba 10 a cikinsa tana iya nufin milimita 10 ko inci 10, alhali inci ɗaya milimita 25.4 ne. Abin da bai wuce ƙwayar wake ba sai a yi masa kuɗin abin da ya fi taƙi guda. Shi ya sa injiniyoyi suka fi son fayil ɗin STEP, haɗe da zanen takarda mai ɗauke da awo.

Sai kayan da za a yi aikin da shi. Rubuta "roba" ko "ƙarfe" kawai bai wadatar ba. Robar PLA tana da araha, amma zafi na kaiwa digiri 60 a ma'aunin Salsiyos take yin laushi, kuma gaban motar da aka bari a rana kan kai haka. Nailan PA12 ya fi ta juriya. Ƙarfen 316L ba ya saurin tsatsa, Inconel 718 kuma shi ake nema inda zafi ya tsananta, kamar cikin injin jirgin sama. Wanda bai san sunan ba, ya bayyana aikin da abin zai yi: nauyin da zai ɗauka, zafin da zai sha, ko zai taɓa mai, ruwa ko abinci.

Har ta ina nauyin zai faɗo masa ya kamata a faɗa, domin mahaɗar hawa da hawa ta fi rauni, musamman a roba. Da wannan mai bugawa zai san ko ya kwantar da abin ko ya tsayar da shi a cikin injin.

Awo ma kuɗi ne. Injin da ke narka garin nailan da leza kan kauce da kusan milimita 0.3. Idan an ce ko'ina ya fi haka daidaituwa, farashi zai yi tashin gwauron zabo, don sai an sake feƙe abin da wani injin. Gara a yi alama a inda ake bukata kawai, kamar ramin da sandar ƙarfe za ta juya a ciki.

Bayan bugawa akwai cire madogaran da suka tallafe abin a cikin injin, gasa ƙarfe a tanderu don kada ya karkace, gogewa da fenti. Akwai kuma takardar shaidar gwaji, idan ana so. Ƙa'idar ISO/ASTM 52901 ta 2017 ta tsara irin abubuwan da mai saye da mai bugawa za su daidaita a kai tun farko.

Yana da kyau a faɗi ko an yarda a taɓa zanen. Alal misali, ta hanyar sauya zane, kamfanin GE ya haɗe sassa 20 na bututun fesa mai a injin jirgin sama na LEAP suka koma guda ɗaya, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari.

A ƙasan takardar sai adadi, ranar da ake so, da inda za a kai kayan. Guda 50 sun fi guda ɗaya sauƙi a kan kowane, tunda a injin da ke narka gari ana jera su a buga su tashi ɗaya. Masu saye da suka ƙware kan nemi a rarrabe musu kuɗin bugawa, na gogewa, na gwaji da na dako, sannan su karɓi samfuri ɗaya su gwada kafin su ba da odar sauran.