Kiwon salwa: launin gashi da al'amarin zuriya

A gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jahar Tawa, kiwon kaji da zabi daɗaɗɗen aiki ne, kuma jama'a sun saba duban launin tsuntsu kafin su taya. Magidancin da ya ƙuduri kiwon salwa yakan zo da wannan al'ada, ya tambaya ko fara ce ta fi ƙwai ko mai ruwan ƙasa. Tambayar ba laifi, amma riba da asara sun fi rataya ga zuriyar tsuntsun.

Salwar kiwo asalinta ƙasar Japan ne, kuma dangi ce ga ta daji wadda ke baro Turai zuwa Sahel lokacin sanyi. A Najeriya, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ce ta shigo da ita a 1992. Ta mace tana fara ƙwai tana da mako 6 zuwa 7. In ta sami abinci mai gina jiki da hasken awa 14 zuwa 16 kullum, tana iya yin ƙwai 250 a shekara ko fiye, kowane gram 10 zuwa 12. Ba ta cika kwanci ba, sai a sa ƙwan cikin inji ko a bai wa ƙaramar kaza, ya ƙyanƙyashe bayan kwana 17 ko 18.

Masana sun sha gwada garken farare da na masu ruwan ƙasa da na masu ruwan ɗorawa, sakamakon bai zo ɗaya ba. A wani wuri masu ruwan ƙasa suka wuce, a wani wurin ba a ga bambanci ba. Dalili kuwa kowane garke da iyayen da ya gada.

Duk da haka launi yana da aikinsa. A cikin masu ruwan ƙasa, tun suna mako 3 ake rarrabewa: namiji ƙirjinsa jaja-jaja ne, ta mace nata roɗi-roɗi. Nan da nan mai kiwo ya ware mazan da suka yi yawa don yanka. Farare kuwa sai sun balaga, a duba kumfar da namiji ke fitarwa ƙarƙashin wutsiya. Kafin nan sun ci abinci mai yawa. Akwai kuma wani iri mai ruwan ɗorawa wanda in an haɗa namiji da mace duk masu launin, kusan ɗaya bisa huɗu na ƴan tsakin kan mutu cikin ƙwai.

Babban haɗari yana ga auren zumunta. Daga ƙwai zuwa salwar da ta fara nata ƙwan wajen mako 9 ne, saboda haka cikin shekara guda garke yana iya kaiwa ga tattaɓa-kunne. Abin da garken shanu zai yi shekaru masu yawa bai kai ba, salwa ta kai shi tsakanin damina da damina. Wanda ya sayi ƴan tsaki daga hannu guda, ya bar wa da ƙanwa suna haɗuwa, ba lalle illar ta fito masa fili sosai a ƴaƴan farko ba. A jikoki ne ƙwai marar ɗa zai yawaita, tsaki ya mutu cikin ɓawo, waɗanda suka fito su zo da rauni, mata su yi jinkirin fara ƙwai. Binciken da masanan Jami'ar Kaliforniya ta Amurka suka bayyana a 1966 ya nuna cewa bayan hawa uku na haɗa wa da ƙanwa, haihuwar garke ta kusa tsayawa ɗungum. Sau da yawa zafin Afrilu da Mayu ake ɗora wa laifin, shi ma kuwa yana rage ƙwai, sai dai nasa yakan wuce in damina ta faɗi. Kwaɗayin launi guda shi ke gaggauta ɓarnar, domin ƴan fararen da aka tsamo daga ƙyanƙyasa guda galibi ƴan uwa ne.

Hawan zuriya yana iya zama alheri in an yi zaɓe. Ta haka mutanen Japan, tun wajen 1910, suka mai da tsuntsun da suke ajiyewa don daɗin kukansa mai yawan ƙwai. Ana ɗaukar ƙwan ƙyanƙyasa daga matan da suka fi yi, a kawo maza daga wani garke dabam, namiji ɗaya ga mata 3. Mai kiwo a Galmi yana iya musayar maza da na Badagishiri ko na Tsarnawa, muddin sun tabbata ba tushe guda suka sayo ba. Nan ne waɗanda suka gama karatun yaƙi da jahilci za su amfani ƙungiyoyinsu: littafi guda ya isa a rubuta ranar ƙyanƙyasa, da inda uba ya fito, da yawan ƙwan kowane akurki. Baƙon namiji kuma a tsare shi shi kaɗai mako 2, ma'aikacin kiwo ya duba shi, sannan a sa shi cikin mata.