Rigar Ɗinkin Hannu Da Hakkin Mai Allura A Birnin Zazzau

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya ratsa unguwanni, zai tarar da mutane zaune a zaure, riga shimfiɗe bisa gwiwa, suna bin zane da allura. Wannan sana'a ta daɗe a hannun malamai da almajirai, da ita magabatanmu da yawa suka ci da kansu suna karatu, ba su roƙi kowa ba. Tun wajen shekarun 1970 kuwa, da maza suka karkata ga keken ɗinki, sai matan aure suka karɓi aikin hannu a cikin gidajensu.

Riga guda takan bi ta hannuwa da dama. Wani ya yanka ya haɗa, mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas, mai ɗinki ya cike da zare, sa'an nan mabuga su buge ta har ta yi ƙyalli. Babban aiki yakan ci watanni. In an yi ta da saƙi ko tsamiya, uba ya sa ta shekara da shekaru, ɗa kuma ya gada.

To, mukan ji wasu suna cewa sayen irin wannan riga almubazzaranci ne. Mu dai ba mu ga haka ba, muddin mutum bai ci bashi ko ya tauye iyalinsa dominta ba. Wa ya fi kusa da israfi, wanda ya sayi riga ɗaya ta shekara ashirin, ko ma'aikacin da kowace Salla sai ya ɗinka shadda uku mai araha, wadda wanki kaɗan ke kashe ta? Ga shi kuwa masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, an rufe ta tun 2002, yawancin yadin kasuwa daga waje yake zuwa. Kuɗin aikin allura shi ne ke tsayawa a gida.

Amma abin da ya fi damunmu yana wajen 'yan'uwanmu 'yan kasuwa. Mace tana cikin gida, ba ta san nawa ake sayar da aikinta a Kano ko Kaduna ba. Dillali ya kawo mata riga ba a yanka lada ba, ta gama, ya ce sai an sayar. Alhali kuwa a fiƙihu sharaɗin ijara ne a san ladan tun farko, kuma hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci wajen biya zalunci. Kasancewarta ba ta iya fitowa ta yi ƙara bai sauke hakkin ba.

Haka kuma mai sayar da aikin keke da sunan aikin hannu. Wannan algus ne, mai saye yana da ikon mayarwa. Gane shi ba wuya: a juya rigar a dubi cikinta. Aikin keke yana tafiya bai-ɗaya, da zaren ƙasa a bayansa. Na hannu kuwa za a ga ƙulli nan da can, inda zare ya ƙare mai ɗinki ta sake zura wani.