Gano matsalolin faifai mai yankuna a cikin na'urar kwaikwayo

Faifai mai yankuna an raba shi kashi-kashi, kuma a cikin kowane yanki ba a rubutu sai bi da bi, daga inda manuniyar rubutu ta tsaya. In ana son sake rubuta yanki, sai an shafe shi duka. Tun da faifan NVMe irin wannan, wato ZNS, yana da wuyar samu, masu bincike kan kwaikwaye shi da QEMU, wanda ya soma iya haka a siga ta 6.0, a 2021.

Abin da za mu fara dubawa shi ne ko Linux na cikin na'urar kwaikwayo ya gane faifan. A karanta /sys/block/nvme0n1/queue/zoned. Amsar da ake nema ita ce host-managed. In ba ta fito ba, a duba zuciyar Linux, wadda ake kira noyau da Faransanci: sai daga 5.9, ta 2020, ta san ZNS, kuma dole a harhaɗa ta da CONFIG_BLK_DEV_ZONED. Akwai kuma girman yanki. QEMU yana karɓar megabait 96 a zoned.zone_size ba gardama, amma Linux yana buƙatar lamba irin 64, 128 ko 256, in ba haka ba ya ƙi faifan.

Kuskuren rubutu sau da yawa ba laifin kwaikwayon ba ne. Umarnin dd ba tare da oflag=direct ba yana iya aika bayanai a hargitse, faifan kuwa ya ƙi su, kamar yadda na gaske zai yi. Kafin siga ta 6.10, ta 2024, sai an zaɓi mq-deadline ake kiyaye jerin rubutu. Da blkzone report ake ganin matsayin kowace manuniya.

Matsalar da ta fi ruɗarwa, a ganinmu, tana zuwa bayan an kashe QEMU an sake tada shi. Bayanan suna nan cikin fayil ɗin faifan, amma matsayin manuniyoyin a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake, don haka duk yankuna su dawo kamar babu kome a ciki. Tsarin btrfs kuwa da manuniyar yake gano babban kan bayaninsa, sai ya ƙi buɗewa. Ɗalibi zai iya ɓata mako guda yana neman aibi a shirinsa. Saboda haka duk gwajin da ya shafi yankewar wuta, kada a ɗora sakamakonsa kan wannan kwaikwayo. Sauran gwaje-gwaje kuwa a sake tsara faifan duk lokacin da aka tada na'urar.