Labarin Ogoja, Ƙaramar Manuwa Mai Rakiyar Jirage

Fataken Tsiga da Funtuwa sun ji daga kakanninsu yadda ayari ba ya kama hanyar Gwanja sai da madugu da 'yan baka masu tsaron dukiya. Haka al'amarin yake a bahar maliya. Jiragen kaya suna tafiya jere, ƙananan manuwa na kewaye da su. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, wadda ta ga yaƙi biyu, ta kuma amsa suna uku.

An ƙera ta a Amurka cikin 1942, ana tsakiyar Yaƙin Hitila. Tsawonta ƙafa 173, ba ta da suna sai lamba, watau PC-468. Makamanta igwa guda a gaba, da ƙananan bindigogi, da gangunan nakiya waɗanda ake jefawa cikin ruwa su fashe a kan jirgin da ya nutse yana fako. A watan Agusta na wannan shekara Shugaba Roosevelt ya miƙa ta ga Sarauniyar Holan, Wilhelmina, wadda Jamus ta riga ta cinye ƙasarta. Sai aka raɗa wa jirgin sunan Sarauniya.

Aikinta na fari a tekun Karibiyan ne. Can Holan take da tsibiran Aruba da Kurasawo, inda a wancan lokaci ake tace man da aka ɗebo daga Benezuwela. Tun watan Fabrairu 1942 jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka riƙa harbe jiragen mai a wannan yanki, don sun san in mai ya yanke, jirgin sama da motar yaƙi duk sun zama kwangiri. Nan ta yi ta kai da kawowa tana rakiya.

Cikin 1963 Holan ta ba Nijeriya aronta, kafin a gama ƙera babbar manuwa mai suna Nigeria. Aka sa mata suna Ogoja. Da Ojukwu ya ɓalle ran 30 ga Mayu 1967, gwamnatin Gowon ta datse wa Gabas hanyar teku. A ƙarshen Yuli sojan ruwa suka ɗauki mayaƙan Benjamin Adekunle zuwa Bonny, tashar mai, wadda ke tsare bakin kogin Fatakwal. Ogoja na cikin masu share musu hanya, Akin Aduwo ke jagorancinta. A kogin nan ta yi karo da Ibadan, wani ƙaramin jirgin Nijeriya da aka gudu da shi Gabas. Ogoja ta yi rinjaye, Ibadan ya halaka. Abin tausayi, hafsoshin jiragen biyu rundunarsu ɗaya kafin fitina, tufafinsu iri ɗaya. Aduwo ya rayu har ya zama shugaban sojan ruwa cikin 1980. Ita kuwa Ogoja ta kafe kusa da Brass cikin 1969, ba ta sake tashi ba, saura 'yan watanni yaƙin ya ƙare a Janairu 1970.

Mai karatu zai ce, ina ruwan manomin Tsiga da teku? To, audugar da aka auna a wancan zamani, aka gurza a Funtuwa, jirgin ƙasa ke kai ta bakin ruwa, gyaɗa ma haka. In hanyar ruwa ta toshe, kaya su jibge, kuɗi ya ƙi zuwa, gishiri da kananzir su yi tsada har ƙauye. Saboda haka mai tsaron hanya, ko yana nesa, yana da haƙƙi a kan mai ciniki.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyashe mu da fitina tsakanin 'yan'uwa, amin. Haza wassalam.