Yadda Zatonmu Yake Shiga Gonar Wani

'Yan'uwa manoma na Basirka da kewaye, ga wata magana da ya kamata kowane kwamitin ƙungiya ya zauna a kanta kafin a fara rabon taki da iri.

A shekarar 1964, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani masani mai suna Robert Rosenthal da shugabar wata makarantar firamare, Lenore Jacobson, suka yi wa yaran makarantar jarrabawa. Sa'an nan suka ba malamai sunayen waɗansu yara, kamar ɗaya cikin biyar, suka ce waɗannan za su yi fice bana. Alhali kuwa sunayen tsinto su aka yi kamar ƙuri'a. Da shekarar karatu ta ƙare aka sāke gwadawa, sai ga yaran nan sun fi 'yan'uwansu ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da aji biyu. An buga labarin cikin littafi a 1968.

Ba sihiri ba ne. Halin malamin ne ya canza. Yaron da yake sa wa rai, yakan sakar masa fuska, ya koya masa abu mai wuya, ya jira shi in ya yi jinkirin amsa, in ya kuskure kuma ya nuna masa inda kuskuren yake. Ɗayan kuwa, "zauna" kawai yake samu.

Kada mu kambama abin. A 1984 wani masani, Stephen Raudenbush, ya haɗa gwaje-gwaje 18 irin wannan, ya ga ƙarfin zato bai kai yadda aka fara ɗauka ba, kuma ya fi aiki sa'ad da malami bai riga ya san yaro ba. To, wannan ne ya shafe mu, gama kowace damina muna karɓar sababbin membobi waɗanda sai labarinsu muka ji.

A ce saurayi ya shiga ƙungiya, wani dattijo ya ce, "Ai gidansu ba su biyan bashi." Shi ke nan. Ran rabon taki sai a ce ya dakata tukuna. Shanun huɗa na ƙungiya, gonarsa ce ta ƙarshe, bayan ruwan shuka ya yi nisa. Malamin gona ya zo, a wuce da shi gonakin manya. Kowa a cikinmu ya san abin da makarar shuka take yi wa gyaɗa, ya kuma san takin da aka zuba wa masara bayan ta fid da kai asarar kuɗi ne. Da kaka yaron ya kāsa biya, sai dattijo ya ce, "Ban faɗa muku ba?" Ya faɗa kam, amma da hannun kwamiti a ciki. Haka ake yi wa gwauraye mata a wurare da yawa, sai dai su ba su cika yin ƙara ba.

Kakanninmu sun gane wani abu a nan. A tsarin gandu, maigida yakan yanka wa ɗansa gayauna, ya bar masa lokacin nomanta, abin da ya samu kuma nasa ne. Ba ya jira sai yaro ya zama gwani. Ba shi gonar shi ne koyarwar.

Ba cewa nake yi a ba kowa bashi ido rufe ba. Kuɗin ƙungiya guminku ne. Wanda littafin sakatare ya nuna ya ci bashi sau biyu bai biya ba, wannan shaida ce, ba zato ba. Amma sabon memba, a ba shi kaɗan, ko buhu ɗaya, a ba shi a ranar da kowa ya karɓa. Jerin huɗa kuma a jefa ƙuri'a a gaban taro, a rubuta, kowa ya san ranarsa tun kafin ruwa ya sauka.