Yara a Jirgin Ruwa Lokacin Hutu

Daga garin Icirnawa na ƙasar Damagaram zuwa bakin teku, in ta hanyar mota za a bi, sai an haura kilomita 1,000. Ruwan da yaron wannan yanki ya sani bai wuce na rijiya ba, sai tafki in damina ta yi albarka, sai fadamun korama inda ake noman rake a ƙasar Matamaye. Amma mutanen Damagaram ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Kakanninmu sun taka da ƙafa har Sawakin ta ƙasar Sudan, suka shiga jirgi da ƴaƴansu a goye, suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. A yau kuwa ƴan uwa sun cika Kwatano da Legas da Akra, kuma da an ba da babban hutun lakwal sai a tura musu yara. Wani yaron zai hau kwalekwale a Gaya, wani a Yawuri, wani kuma, in iyayensa masu hali ne, ya tsinci kansa a jirgin shaƙatawa irin Aroya, wanda Saudiyya ta ƙaddamar daga Jidda a watan Disamba na 2024, mai abincin halal da wuraren salla.

Irin waɗannan manyan jirage gari ne guda a kan ruwa. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miyami ta Amurka a Janairun 2024, tsawonsa mita 365, benensa hawa 20, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata. Akwai ɗakunan wasan yara da aka rarraba bisa shekaru, akwai tafkunan wanka, akwai abinci dare da rana. Lokacin hutu yara sukan yi yawa ƙwarai, layi ya yi tsawo, kuɗin tikiti ya hau. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba, haka mai cikin da ya kai mako 24. Duk wannan mai sayar da tikiti zai gaya maka. Abin da ba zai ɓata bakinsa a kai ba shi ne wanda zai fara tarbarka: awa ɗaya ko biyu da barin gaɓa, yaron da ke ta tsalle yana nuna kifi zai yi shiru, ya fara hamma, miyau ya cika masa baki, gumi mai sanyi ya tsatstsafo masa a goshi, leɓɓansa su yi fari. Daga nan sai amai.

To, nan fa ake fara bayanai. Wata ta ce mutanen ruwa ne suka shafe shi, a kawo hayaƙi. Wani ya ce ƙarnin kifi ne. Baban ya daka masa tsawa, wai ragwanci ne, ga ƙaninsa na goye ko gezau. Haba jama'a! Wannan yaron dai shi ne ya yi amai a motar Matamaye zuwa Damagaram, shi ne ya yi a hanyar Ɗan Barto zuwa Daura, inda babu kifi babu gulbi, sai kwalta da ƙura. Aljanin ruwa ne ya biyo shi tasha ya sayi tikiti? Batun ragwanci kuwa, Admiral Nelson, jarumin yaƙin ruwa na Ingila wanda ya mutu a fagen daga a 1805, ya shiga aikin jirgi tun yana ɗan shekara 12, kuma har ƙarshen rayuwarsa in teku ta yi fushi sai ya kwanta. Charles Darwin ya shekara kusan biyar a jirgin Beagle, daga 1831 zuwa 1836, bai daina fama da tashin zuciya ba har ya sauka.

Tushen abin yana can cikin kunne, bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai. A wurin akwai wasu ƴan bututu uku masu lanƙwasa a kowane gefe, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar wani ɓangare daban: ɗaya yana jin gyaɗa kai, ɗaya yana jin girgiza shi, ɗaya yana jin karkatar da shi wajen kafaɗa. Kusa da su akwai wasu ƴan jakunkuna biyu ɗauke da ƙwayoyi ƙanana masu kama da garin alli, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa, da ko ana tafiya gaba. Duka kayan nan da kyar suka kai girman kan ɗan yatsa, amma da su mutum ke tsayawa da ƙafa biyu. Ni kam ban ga wata gaɓa a jikin ɗan Adam da ta kai wannan ban mamaki ba, ga shi kuma ba a ko ambatonta in ana lissafa ni'imomin jiki.

Zuba ruwa a ƙwarya ka juya ta da sauri. Da farko ruwan zai ƙi bin ƙwaryar, daga baya ya bi, in ka tsayar da ita kuma ya ci gaba da zagayawa shi kaɗai. Haka ruwan kunne yake yi. Shi ya sa yara in sun yi wasan hajijiya suka tsaya, sai su ga gari yana juyawa su zube ƙasa suna dariya: ƙafa ta tsaya, ido ya ce an tsaya, kunne ya ce ana nan ana juyi. A jirgi ma irin wannan saɓani ne ke faruwa. Yaro yana zaune a ɗaki, ido yana ganin bango da gado ba sa motsi, kunne kuwa yana ta kai rahoton ana hawa ana sauka. Shaidu biyu sun saɓa, ƙwaƙwalwa ta rasa wa za ta gaskata. Wani masani mai suna Michel Treisman ya kawo shawara a 1977 cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar irin wannan ruɗewa a matsayin alamar an ci guba, sai ta ba ciki umarnin ya fitar da abin da ke cikinsa. Zato ne mai ma'ana, ko da yake ba duka masana suka yarda da shi ba. Akwai kuma saɓanin da ke faruwa tsakanin sassan kunnen su da kansu, wanda ya sa makafi ma ba su tsira ba, amma wannan zance ne mai tsawo.

Ga labarin da ya kamata kowane uba ya sani kafin ya sake ɗora wa aljani laifi. A ƙarshen shekarun 1950, lokacin da Amurka ke shirin tura mutum sararin samaniya, hukumar NASA da likitocin sojan ruwa na Pensacola suka nemi mutanen da jiri ba ya kama su. Suka same su a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washington: maza 11, waɗanda duka in ban da ɗaya sanƙarau ne ya kurmantar da su tun suna yara. Mu a nan ba sai an yi mana bayanin sanƙarau ba, mun san abin da yake yi a watannin zafi, kuma kusan kowane gari yana da wanda ya tashi daga ciwon ya rasa ji. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cutar takan lalata har da waɗancan bututu na daidaito. Shekara goma ana gwaji da mutanen nan. An zaunar da huɗu daga cikinsu a wani ɗaki mai juyawa sau 10 a minti ɗaya, har kwana 12, suna ci suna barci abinsu. An hau da su jirgin sama ana sako shi ƙasa kamar zai faɗi, su kuwa daɗi suke ji. Sannan aka sa su a jirgin ruwa a tekun Nova Scotia ta Kanada, ana tsakiyar guguwa. Kuramen suka baje kati suna wasa. Likitocin da suka zo auna su kuwa amai ya kwantar da su, har dole aka dakatar da gwajin. Teku ɗaya, jirgi ɗaya, ƙarni ɗaya, in akwai aljanu ma su ɗaya ne. Bambancin kawai kunne. Saboda haka yaron da ke amai a jirgi, kunnensa lafiya lau yake, aikinsa yake yi.

Wannan ne kuma ya warware zancen ƙanin da ke goye. Da wuya yaron da bai kai shekara 2 ba ya yi irin wannan jiri. Abin yakan fara bayan nan, ya tsananta tsakanin shekara 7 zuwa 12, sannan ya riƙa sauƙi yayin da ake girma. Wato daidai ƴan firamaren da aka fito da su hutu su ne abin ya fi kamawa. An kuma auna an gano cewa motsin da ya fi tayar da zuciya shi ne hawa da sauka a hankali, kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa biyar. Girgiza mai sauri ba ta kai shi ba, shi ya sa sabon shiga hawan raƙumi kan ji zuciyarsa na tashi, mahayin doki kuwa da wuya.

Wanda ya gane dalilin, maganin ba zai ba shi wuya ba: a sasanta ido da kunne. Fito da yaron sarari ya sha iska, ya kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, ko kan gaɓa in a gulbi ake. In ba zai iya ba, ya kwanta rigingine ya rufe ido, kansa kada ya riƙa motsi. A nemi wuri a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, domin goshin jirgi da bayansa su suka fi lilo. Abin da iyaye suka fi yi kuwa shi ne mafi muni, wato a miƙa masa waya wai ta ɗauke masa hankali. Ka ba ido abin da ba ya motsi ya ƙura masa, ka ƙara wa rigimar wuta ke nan. Hana shi abinci tun asuba shi ma ba dabara ba ce, yunwa tana ƙara tashin zuciya. A ba shi kaɗan-kaɗan marar maiƙo, biskit ko burodi, ruwa kurɓi-kurɓi, a nisanta shi da hayaƙin inji. Citta tana taimaka wa wasu. Akwai ƙwayoyin hana jiri da ake sha kafin a hau, amma suna sa barci, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2, kuma likita ne zai faɗi adadi, ba mai tallar magani a tasha ba. In tafiyar mai tsawo ce, cikin kwana biyu ko uku ƙwaƙwalwa takan saba, har ma in an sauka yaro ya ce ƙasa tana lilo da shi. Wannan yakan wuce da kansa.

Sai dai a lura: aman da ya zo da gudawa ko zazzaɓi ba na kunne ba ne. A manyan jirage akwai wata ƙwayar cuta, norovirus, mai saurin yaɗuwa inda aka cunkushe. A kai yaron wurin likitan jirgi, a ba shi ruwan gishiri da sukari, kowa ya wanke hannu da sabulu, don man shafawa na barasa bai cika kashe ta ba.

Jirin jirgi wahala ce mai wucewa. Abin da ke kisa a lokacin hutu da bukukuwa shi ne lodi. Daren 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola ya kife a gaɓar Gambiya, a hanyarsa daga Ziginsho zuwa Dakar. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600, amma lissafin hukuma ya nuna mutum 1,863 suka rasu, 64 kacal suka tsira, kuma da yawa daga cikin mamatan ɗalibai ne masu komawa makaranta bayan hutu. Kusa da mu, ranar 30 ga Nuwamba 2021, kwalekwale ya nutse a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu ƴan Islamiyya masu tafiya Maulidi. Allah ya jiƙansu.

A manyan jiragen teku doka ta tilasta a tara fasinja a nuna musu wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto kafin a tashi ko da an tashi nan take. An tsaurara wannan ne bayan Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka mutu. Kada ka ɗauki wannan taro ɓata lokaci, ka je da yaranka, ka bar musu abin hannun da ake ɗaura wa yara mai nuna wurin taruwarsu. Rigar ceto kuwa girma uku ce: ta jariri ƙasa da kilo 15, ta yaro daga kilo 15 zuwa 43, sai ta babba. In ka sa wa ɗan shekara 6 ta babba, da ya faɗa ruwa rigar za ta taso sama, shi ya zame ta ƙasa. Ka gwada tun a tudu: ɗaure igiyoyin duka, har da wadda ke bi ta tsakanin ƙafafu in akwai, sannan ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura kunnensa, ta yi masa yawa, nemi wata.

A mashigar gulbi babu mai tara ka ya nuna maka komai, kai ne hukumar. Kada ka yarda da zancen wai yaron ya iya iyo a tafkin garinsu, tafki ba ya gudu. In ka ga bakin kwalekwale ya kusa shan ruwa, ko magariba ta kawo kai, ko hadari ya haɗo, ka sauko da ƴaƴanka ka jira sawu na gaba, ko da kuwa za a gama bikin ba ku isa ba.