YADDA MAHARBI ZAI ZAƁI RIGAR SANYI

Jama'a, hunturu ya kama. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ciyawa ta bushe. Wannan shi ne lokacin da maharba da 'yan farauta suke shiga daji. Daga Kakuri, da Sabon Tasha, da Unguwar Romi, da Gonin Gora, da ƙauyukan da ke kan hanyar Kachiya, mutane sukan fita da karnuka da bindiga ko baka. Wasu su wuni, wasu har su kwana.

Maharbi yakan gyara bindigarsa, ya wasa addarsa, ya duba fitilarsa. Amma sau da yawa yakan manta da abin da zai sa a jikinsa. Alhali kuwa sanyin daji yana iya kwantar da magidanci, iyalinsa su shiga wani hali. Saboda haka a wannan wata za mu yi bayani a kan rigar sanyi, wadda ake kira jaket.

Sanyin daji ba irin na gida ba ne

A nan Kaduna, watannin Disamba da Janairu su ne na muku-mukun sanyi. Da rana zafi yakan haura digiri 30 a ma'aunin zafi. Amma kafin asuba yakan sauko zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka. A fadama da bakin kogin Kaduna abin ya fi tsanani, domin iska mai sanyi tana da nauyi, takan gangara ta taru a kwari.

Ga kuma yadda aikin farauta yake. Mutum zai yi tafiya mai nisa, ya hau tudu, ya bi sawu, har gumi ya jiƙa shi. Daga nan sai ya laɓe a gindin itace ko bakin mashaya, ya yi awa biyu ko uku bai motsa ba. To, a nan haɗarin yake. Jiƙaƙƙiyar riga idan iska ta buge ta, sai ta riƙa janye ɗumin jiki, kamar yadda randa take sanyaya ruwa.

Me yake sa riga ta yi ɗumi?

Riga ba ta da wuta a cikinta. Jikinka ne yake ba da ɗumi, ita kuwa aikinta shi ne ta tsare shi kada ya gudu. Abin da yake tsare ɗumin shi ne iskar da ta maƙale a cikin rigar. Ku dubi kaza lokacin ɗari, za ku ga ta kumbura gashinta. Iska take tarawa a tsakanin gashin. Haka rigar sanyi take aiki.

Ke nan nauyi ba shi ne ɗumi ba. Riga marar nauyi mai laushi tana iya fin mai nauyi ɗumi.

Karanta takardar da ke jikin rigar

A da, Kakuri gari ne na masaƙu. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Yau yawancin rigunan sanyi daga waje suke zuwa. Gwanjo daga Turai da Amurka, sababbi kuma galibi daga ƙasar Sin. Ana samun su a Kasuwar Monday ta Kakuri da kasuwar Sabon Tasha. Idan ka ƙetare kogi kuma akwai Kasuwar Barci, wadda aka daɗe da saninta da kayan gwanjo.

Yawancin rigunan suna da 'yar takarda a wuya ko a gefe daga ciki. Da Turanci ake rubuta ta, amma wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai iya gane waɗannan kalmomi huɗu.

Idan an rubuta Cotton, auduga ke nan. Tana da daɗin sawa, amma tana shan gumi, kuma ba ta bushewa da wuri.

Idan an rubuta Wool, ulu ke nan, wato gashin tumaki. Yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe, kuma ba ya saurin kama wuta.

Idan an rubuta Polyester, zaren roba ne. Ba shi da nauyi, yana bushewa da wuri, yana da araha. Amma wuta ce maƙiyinsa.

Idan an rubuta Down, an cusa wa rigar lallausan gashin agwagwa ko na dinya. Ta fi kowace ɗumi, amma da ta jiƙe sai gashin ya dunƙule, ɗumin ya tafi. Idan ƙaya ta huda ta kuma, gashin ya dinga fita.

Za ka kuma ga haruffan girma. M matsakaiciya ce, L babba, XL babba ƙwarai.

Riga uku sun fi guda ɗaya mai kauri

Wasu rigunan gwanjo an ɗinka su ne domin ƙasashen da ƙanƙara take zuba. Masu kumburi kamar katifa. Sun yi wa mai gadi da ɗan acaɓa daidai, amma sun yi wa maharbi yawa. Kafin ka yi tafiyar mil ɗaya ka jiƙe sharkaf.

Abin da ya fi shi ne ka sa riga hawa uku. Ta farko, 'yar ciki marar kauri mai saurin bushewa. Ta biyu, suwaita, in da hali ta ulu. Ta uku, jaket mai matsakaicin kauri wadda iska ba ta ratsa ta. Lokacin tafiya ka buɗe zif, ko ka cire jaket ɗin ka ɗaura a ƙugu. Da ka isa wurin laɓewa sai ka mayar tun jikinka bai huce ba.

Kada ka sa suwaita daga waje. Ƙarangiya da sarƙaƙiya za su kama ta, iska kuma tana wucewa ta ramukan saƙar.

Gwaji shida kafin ka biya kuɗi

1. Sa rigar a kan kayan da ka saba shiga daji da su. Idan kana sa rigar layu, ka lissafa da ita. Riga mai matse jiki ba ta ɗumi. Mai yawan faɗi kuma iska tana shiga ta ƙasa.

2. Ɗaga hannuwanka kamar za ka saita bindiga ko ka ja baka. Idan ta riƙe ka a kafaɗa, ajiye ta. Hannun riga mai faɗi yana iya kama tsirkiya.

3. Goga hannun rigar a jikinta, ka saurara. Idan tana ƙara kamar leda, gada da zomo za su ji ka tun daga nesa. Nemi mai yadi mai laushi.

4. Kara yadin a bakinka ka hura. Idan iska ta fita da sauƙi ta ɗaya gefen, iskar hunturu ma za ta shiga.

5. Ɗaga ta sama ka duba a hasken rana. Inda ka ga haske ya ratsa sosai, abin da aka cusa a ciki ya zube ko ya taru gefe guda.

6. Ja zif sama da ƙasa sau uku. Duba ɗinkin hammata da aljihu. Aljihu mai murfi ko zif ya fi, don kada wuƙa ko ashana su faɗi.

Idan ka kai ta gida, wanke ta da sabulu marar ƙamshi, ka shanya ta a rana. Kada ka ajiye ta da kafur ko turare, domin hancin naman daji ya fi naka.

Maganar launi

Launin ƙasa-ƙasa, ko toka-toka, ko kore mai duhu, su suka fi sajewa da dajin rani.

Amma a guji riga mai zanen kakin soja. Doka ta hana farar hula sa kayan sojoji. Ban da haka, dazuzzukan Chikun da Kajuru sun yi fama da 'yan bindiga, kuma wasunsu irin wannan kaki suke sawa. Mutum riƙe da bindiga, sanye da kakin soja, a daji da dare, yana iya rasa ransa kafin ya yi bayani. Araharta ba ta kai ran mutum ba.

Idan farautar taro ce da rana, akwai dabarar da za mu koya daga waje. A jihohi da yawa na Amurka, doka ta tilasta wa maharba sa riga ko hula mai launin ruwan lemo mai haske, don kada su harbi juna. Dabbobi dangin barewa ba sa bambanta wannan launi sosai, amma mutum yana hango shi daga nesa. Sai dai tsuntsaye irin su zabo da makwarwa suna ganin launi da kyau.

Masu farautar dare kuma su lura da maɓalli mai ƙyalli. Maharbin dare ƙyallin ido yake nema da fitila. Kada ka sa abin da zai yi kama da idon dabba.

Hattara da wuta

Jaket mai zaren roba idan tartsatsi ya faɗa mata sai ta huje. Idan ta kama wuta narkewa take yi, ta manne a fata, ƙunar ta yi zurfi. Saboda haka kada ka matsa kusa da wuta sanye da ita, kada ka kwanta a gefen wuta. Kada kuma ka je jin ɗumi da albarushi a aljihu.

Abin da jaket ba za ta yi maka ba

Jaket ba ta rufe kai da ƙafa. Nemi hular sanyi mai rufe kunne, da safa mai kauri, da takalmi rufaffe. Ka riƙe busasshiyar 'yar ciki guda ɗaya a cikin leda don canji. Idan za ka zauna, shimfiɗa buhu ko busasshiyar ciyawa, domin ƙasa tana janye ɗumin jiki. Ka ci abinci kafin ka fita. Giya ba maganin sanyi ba ce. Takan sa mutum ya ji kamar ya yi ɗumi, alhali ɗumin fita yake yi.

Ɗumin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Idan ya sauko ƙasa da 35, rai yana cikin haɗari. Alamomin su ne karkarwa mai tsanani, da harɗewar harshe, da tangaɗi, da jin barci. Idan kun ga haka ga ɗan'uwanku, ku cire masa jiƙaƙƙun kaya, ku lulluɓe shi da bargo. In yana iya haɗiya, ku ba shi shayi ko kunu mai ɗumi da sukari, sannan ku kai shi asibiti. Haka kuma wanda ya dawo daga daji da tari da zazzaɓi da ciwon ƙirji, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, ya je a duba shi.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin jaket mai kyau bai kai kuɗin kwanciya asibiti ba. Muna roƙon malaman azuzuwa da Sarakunan Baka su karanta wa maharba wannan bayani a wurin taronsu. Allah ya kai kowa daji lafiya, ya dawo da shi gida lafiya, amin.